Abin da Na Tarar a Marmaron Kanya

Tun da na dawo ƙofar ɗakina ba ta huta ba. Wannan ta shigo da sunan aron rariya, waccan ta ce ta zo yi mini barka da hanya, amma duk tambayar guda ce: Zulai, yaya kika baro marmaron naku? Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ta ɗauki nata gutsuren ta kai wani gida ta ƙara masa gishiri. Don haka zan faɗe shi sau ɗaya daga farko har ƙarshe, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Ba na ganin laifin masu tambaya. Ni haifaffiyar wata 'yar unguwa ce yamma da Kurfi, a kan hanyar Wurma, aure ne ya kawo ni nan arewacin Maraɗi shekara ashirin da wani abu. Duk tsawon zaman nan, in muna jan guga a rijiyar gari, igiya na cin tafin hannu, labarin da nake ba mata shi ne na Marmaron Kanya. Ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse a gindin wata tsohuwar kanya, ya taru a kwari, ya gangara ya zama rafi. Kina tsaye a baki kina ganin tsakuwar da ke ƙasa, da tarwaɗa tana wucewa. Ko a babban farin da aka yi shekarun baya, kawuna ya aiko mini cewa bai ja da baya ba.

Bana damina ta ƙi. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, tabkuna suka ƙafe tun kafin kaka, shanu suka fara cin dannin gidaje. Maza suka zauna shawara, har da mijina Malam Abdu. A nan wani ya tuna da zancena. Suka ce tunda Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, shi ne mai unguwar wurin, in je in roƙe shi ya ba mu gefe, a kora abin da ya rage na dabbobi can su yi rani. Malam ba zai iya barin shanu ba, sai aka haɗa ni da ƙanensa Hashimu, mijin Hadiza, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda bai taɓa taka ƙasar Ingilishi ba, kamar yadda tsofaffin nan ke kiran Najeriya.

Mota ta kai mu kusa da iyaka ta sauke mu, don iyakar a rufe take, sojojin da ke mulki a can sun hana shiga da fita. Muka bi sawun masu fataucin man fetur da ke komawa da jarkoki wayam a kan jakuna. Suka bi da mu ta cikin yashin gulbi, rana na dukan ka. Tun a nan takalmina ya tsinke, na ɗaure shi da tsumma. Hashimu ya yi ta tsokanata, wai matar Yaya ta ce garinsu aljanna ne, ga shi za ta shiga aljanna da ƙafa ɗaya.

Mun hau tudu ke nan muka tarar da wani ma'aikaci mai kaki zaune a inuwar aduwa. Masu jakuna suka san yadda suka yi da shi suka wuce. Mu ya tsayar, ya tambayi daga ina. Na riga na gargaɗi Hashimu ya rufe bakinsa, amma yana ganin kaki ya cire hula ya ce, "Sannu da aiki, Mushe," yadda ake kiran ma'aikata a nan wajenmu. Mutumin ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce ga mutanen Faransa sun kawo kansu. Na durƙusa na gaya masa sunan unguwarmu da na kawuna, na juya masa fuskata ya ga tsagen Katsinawa. Ya ce ni dai ya yarda 'yar gida ce, shi kuwa wannan? Na ce ƙanen mijina ne, ba shi da cikakken hankali, magani za mu nema masa. Ya ce lallai ya ga alama, mu wuce. Hashimu bai sake yi mini magana ba har Jibiya.

Katsina ta canza mini. A tasha mutane sun jeru a layi kamar 'yan makaranta, ko ruwan sha za a saya sai an bi layi, ga soja da bulala yana kai da kawowa. Muka sauka gidan wani ɗan kasuwar hatsi, fatoma mai saukar da mutanen garinmu. Matarsa, Hajiya Rabi, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Mu nan baƙo fura ake fara dama masa. Ita shayi da burodi ta kawo, da yamma kuma tuwon masara, rawaya, mai santsi a baki. Hashimu ya ci ya ƙoshi ya ce har yanzu yana jin kamar bai ci komai ba, cikinsa gero yake nema. Hajiya ta ce gero ya zama na masu hali, yanzu masara ce ta ci gari, ita ma albarkacin takin zamani. A bakinta na fara jin yadda ake yabon takin nan, wai in ka barbaɗa shi ko a kan fako sai ya yi tsiro.

Da safe muka shiga motar Dutsin-Ma mai bi ta Kurfi, babbar mota mai bodin katako, mu da awaki da buhunan albasa. Kusa da ni wata dattijuwa ce mai sayar da daddawa, bakinta bai tsaya ba tun daga tasha. Ta ba ni labarin jikokinta da ciwon ƙafarta da tsadar kalwa. Da ta tambayi inda za ni, na ce Marmaron Kanya, sai ta ƙare mini kallo. Can ta ce, "Kin daɗe rabonki da gida, ko?" Na ce na daɗe. Ta ce Allah ya sa in iske su lafiya, ta juya ta shiga gyara ɗaurin kwandonta. Na so in matsa mata, sai taya ta fashe, aka sauke mu duka a gefen hanya, a cikin hayaniyar ta ɓace mini.

Daga Kurfi a ƙafa muka taka. Ƙasar ta sha fari ita ma, amma ba kamar tamu ba, akwai kara a gonaki, akwai ɗan ganye a itatuwa. Hashimu ya riƙa tsugunawa yana damƙar ciyawa yana jinjina kai, ya ce ko wannan kaɗai shanunmu suka samu sun tsira. Zuciyata ta yi sanyi. Na fara nuna masa wurare, nan muke kiwon awaki, can gonar kakana.

Unguwar ce ta fara ba ni tsoro. Gidajen da na sani da hayaniya sun zama kangaye, rufin ɗakuna ya rufta. Kawu Mamman na zaune a zaure, ya tsufa ƙwarai, sai da na faɗi sunan mahaifiyata ya gane ni. Matarsa, Inna Delu, ta rungume ni tana kuka. Ta kawo ruwan baƙo, rabin ƙwarya, ja-ja da shi, yana ƙanshin laka. A gidan da na tashi ana cika wa baƙo ƙwarya har ta zuba. Na sha kaɗan na miƙa wa Hashimu, na ce, Inna, wannan ba ruwan marmaro ba ne. Ta ce daga wata rijiya ce can wajen Wurma, in huta tukuna.

Ban huta ba. Na faɗa wa Kawu abin da ya kawo mu, da yawan gidajen da ke jiran amsarsa. Ya saurara har na gama. Sannan ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ɗiyata, in na gaya miki da baki za ki ce rowa nake yi miki. Taso mu je."

Wari ne ya tare mu tun ba mu hango kanyar ba, wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai haɗe da ɗanyar fata. Da muka kai kwarin, na tsaya ina neman ruwan da ido. Yana nan, bai ƙafe ba, amma gansakuka ta rufe shi ruf, kore shar, mai kauri kamar an zuba miyar kuka an bar ta ta kwana. A bakin gaɓa ta bushe ta yi kumfa mai shuɗi-shuɗi. Matattun kifaye sun taso da farin ciki sama, ƙudaje na bin su. An kewaye kwarin da ƙaya. Daga sama kuma, inda idon ruwan yake, an ja waya mai ƙaya a jikin turakun ƙarfe, ta zagaye dutsen da kanyar, ta miƙe iyakar ganina. An rufe idon da siminti, inji na ta bugawa a wani ɗan ɗaki. Bayan wayar masara ce, kore har da baƙi-baƙi, a wannan shekara da ko ciyawa ba ta yi ba. Can gaba ga dogayen rumfunan kwano na kaji, ga garken bijimai ana kiwata su a tsaye.

Kawu ya ba mu labarin muna tsaye. Wani babban mutum ne daga birni ya zo da takardun gwamnati, aka ba shi tudun da ke saman marmaron gaba ɗaya. Da farko an yi murna, matasa sun sami aiki. Motoci suka riƙa kawo takin zamani ana jibge shi a fili, ruwan sama na dukansa. Kashin kaji da na shanu kuma ana tara shi a ramuka a kan gangare. Duk ruwan da aka yi, ko aka shayar da masara, sai ya wanko ya sauko kwarin. A shekara ta biyu ruwan ya fara kore a gefe-gefe, mata na ture gansakukar da ƙwarya suna ɗiba. Daga baya ta fi ƙarfin turewa. Yara suka kama gudawa da ƙaiƙayin jiki, tumaki suka fara mutuwa. Mai gona ya ce mutane ne ke ɓata masa ruwa, ya sa aka ja waya a ido. Duba-gari ya zo daga Dutsin-Ma ya sa aka shinge kwarin. Yanzu akwai famfo ɗaya a jikin wayar, ana buɗe shi da safe ɗan lokaci, kowane gida tulu guda, dabba kuwa ko kusa.

Muna cikin haka mai gadi ya fito daga ɗakin inji. Sai da ya matso na gane shi. Lawal ne, ɗan Kawu, taubashina, wanda muka yi wasan ruwa tare a wurin nan. A da da ya gan ni da ya fara zolayata tun daga nesa. Wannan karon ya gaishe ni ta cikin waya, idonsa a ƙasa. Na ce ya buɗe mini in shiga in ga gindin kanyar kawai, ba zan taɓa komai ba. Ya ce manaja na nan, in aka ga mutum a ciki aikinsa ya tafi, kuma da wannan aikin gidan Kawu ke cin abinci. Uban bai dube shi ba, shi ma bai dubi uban ba.

Hashimu bai yarda ba tukuna. Ya ce shanu ba mutane ba ne, ya ga sun sha ruwan da ya fi wannan muni. Ya zura hannu ta cikin ƙaya ya ɗebo, ya shinshina, ya ce in an tace da tsumma zai yi.

Washegari da hantsi muka ji ihu daga kwari. Wani Bafulatani ne ya biyo da garkensa daga arewa, shanun sun kwana biyu ba su sha ba. Da suka ji ƙanshin ruwa suka fi ƙarfinsa, suka tattake ƙayar suka faɗa ciki. Kafin a kore su sun sha. Kafin azahar wasu sun fara rawar jiki, miyau na dalala, suna tafiya kamar masu maye. Wata farar saniya mai ciki ta durƙusa a gabanmu ba ta sake tashi ba. Mutumin ya riƙa bi daga wannan zuwa waccan da wuƙa a hannu, yana kiran sunayensu, ya rasa wadda zai fara yankawa. Hashimu ya taya shi riƙe ƙafa. Da ya dawo gida ya wanke hannu da ƙasa, ya zauna a bayan rumbu, bai ci abinci ba.

Duk da haka na ce sai na je Dutsin-Ma na ji daga bakin hukuma. Kawu ya ce shi ya je har takalminsa ya san hanya, amma in je, kada in koma in ce ban gwada ba. Garin cike yake da ma'aikata da 'yan makaranta, ga manyan duwatsu a tsakiyarsa. Muka yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan. Nan a ce maganar ƙasa ce, can a ce maganar ruwa ce, wani ya ce sai Kaduna. Da aka ji harshen Hashimu ma wani ya ba mu shawara mu rage yawo, ana kama baƙin haure. A ƙarshe aka nuna mana duba-garin da ya shinge kwarin.

Sunansa Malam Yohanna, Kirista ne daga kudancin Zariya, Hausarsa da ɗan karkace amma ana ganewa sarai. Na shiga da niyyar yi masa faɗa, sai ya ba mu kujera ya saurare mu. Ya ce abin da ke sa masara ta yi kore shi ne ke sa ruwan ya yi kore, taki abinci ne, gansakuka ta samu ta ƙoshi, in ta ruɓe ta kashe kifi, wani irinta kuma dafi ne da ita. Na ce to a kwashe ta mana, mazan garinmu za su zo su kwashe da hannu. Ya ce an gwada, kafin mako ta dawo. Ya ce takin ya riga ya shiga ƙasa, har ruwan famfon ma bai amince a ba jarirai ba. Na tambaye shi, in aka tashi gonar fa? Ya ce, "Ko yau aka tashe ta, Mama, ban sani ba ko ni da ke za mu ga ruwan nan ya washe. Kuma ba wanda zai tashe ta. Ƙaya ni na sa, ita nake da iko da ita. Wayar ba tawa ba ce."

Hashimu ya tambaye shi babban dam ɗin da aka ce an gina kusa da garin. Ya ce bakinsa ya riga ya cika da garkuna, ciyawa ta ƙare, ga cutar bushiya na kashe shanu, kuma dabbar da ta tsallako iyaka kamawa ake yi.

Rana ta yi nisa, ba motar komawa, sai ya kai mu gidansa. Matarsa Saratu ta ba ni tabarma a ɗakinta, ta nuna mini gabas, ta kawo buta ba tare da na roƙa ba. Su miji da mata da 'ya'ya a kwano ɗaya suke ci, suna rufe ido su yi addu'a kafin su sa hannu. Ta dafa faten acca da yakuwa, abin da ban taɓa ci ba. Ta ce su a garinsu rafi ko'ina, ita ma kullum labarin da take ba maƙwabta ke nan, amma ta daɗe ba ta je ba.

Da muka koma unguwa na fara ɗaure kayana. Hashimu ya ɓace tun safe, sai la'asar ya shigo, kafaɗarsa da wuyansa sun yi fari da wani gari. Na tambaye shi inda ya shiga. Ya ce Lawal ya yi masa hanya, mota ta kawo taki, ana neman masu saukewa, daga nan kuma akwai aikin kwashe kashin kaji har ƙarshen rani, ana biya da masara. Na ce, Hashimu, da idonka ka ga saniyar nan. Ya ce ya gani.

"To in na bi ki, matar Yaya, me zan kai wa yara? Ki ce wa Hadiza zan aiko da masara in an sami mai zuwa. Shanuna biyu kuma Yaya ya yi yadda ya gani da su."

Na kai ƙara wurin Kawu ko zai hana shi. Kawu ya ce shi da ya kasa hana ɗan cikinsa, da wane baki zai hana ɗan wani. Ya ce shi ma yana nan ne kawai saboda kaburburan iyayensa, in Allah ya ɗauke shi ba ya jin za a sake naɗa mai unguwa a wurin. Inna Delu ta ƙulla mini 'yar daddawa da kuka. Ta so ta cika mini gora, na ga abin da ya rage a randarta, na ce ta bari zan sha a Kurfi.

Ni kaɗai na dawo, ta hanyar da muka bi. Ma'aikacin nan na gindin aduwa ya gane ni, ya tambayi ina mara lafiyata. Na ce na baro shi wurin magani.

Na iso gari da yamma. Tun daga bakin rijiya aka gan ni ba Hashimu, mata suka ajiye guga suka biyo ni. Hadiza na gaba da goyo, na ce mata yana lafiya, ya sami aiki, sauran sai mun zauna. Malam Abdu na turke yana ba shanu ɓawon itace da ya daka. Maza suka taru a ƙofar gida. Na durƙusa na faɗa musu yadda na faɗa muku yanzu, ban rage komai ba. Da na gama, Malam ya yi tambaya ɗaya, ya ce, "Ruwan dai yana nan?" Na ce yana nan, bai ragu ba. Ya ce, "Kuma ba ya shawuwa." Na ce ba ya shawuwa.

Da gari ya waye na ji ƙarar wuƙa a kan dutsen wasa, daga gidanmu, sannan daga gidan maƙwabta. Sun yanke shawarar a yanka tun da sauran nama a jikinsu, a yanyana a shanya. Malam ya fara da shanun Hashimu, ya aika wa Hadiza nata, sannan ya shiga namu. Ni aka ba aikin barbaɗa gishiri. Yau in kin ɗaga kai a garin nan, kowane danni da kowace rumfa nama ne a shanye, yara na zaune da kara suna korar shaho. Turken gidanmu ba komai sai igiyoyi, Malam ya naɗe su jiya ya rataye a zaure.